Muryar da Maser Mariya Ta Amince da Ita

Maser Mariya ta daɗe tana koyar da yara a unguwar Dagmanet ta Agadas ba ta ganin fuskokinsu, kuma babu wanda ya sani. Da an sani, da an ɗauke ta daga aji an kai ta Yamai, gidan da ake ajiye tsofaffin ƴan'uwanta. Wannan ne abin da take tsoro fiye da mutuwa, don mutuwa dai ta yi imani da inda za ta kai ta.

A Agadas, macen da ta ba majami'ar Katolika rayuwarta, ta bar aure, ta ɗaura farin kallabi, Maser ake ce mata, daga "ma sœur" na Faransanci. Wasu Turawa ne, wasu daga Burkina ko Benin suke zuwa. Ita Mariya ƴar ƙasa ce, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutse. Ubanta manomin gero ne da ya bi addinin Mompe, limamin majami'ar Katolika, uwarta kuwa ba ta taɓa binsa can ba. Ranar da Mariya ta ce ba za ta yi aure ba, uwar ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da surfenta, ta ce, "Itacen da ba ya ƴaƴa makamashi ne." Mariya ta ɗauki wannan magana ta tafi da ita arewa, ba ta taɓa sauke ta ba.

An turo ta Agadas bayan babban farin da ya ƙarar da raƙuma da awakin Abzin. Lokacin Dagmanet cike take da makiyayan da ba su da abin kiwo, sun kafa bukkokin tabarma a bayan gari suna jiran abin da Allah zai yi. A ƙarƙashin wata runfa ta fara tara ƴaƴansu. Iyayen suka gindaya mata sharaɗi: ta koya musu karatu da lissafi, kada ta taɓa musu salla. Ta yarda, ta kuma cika. A duk zamanta ba ta mai da ko ɗa ɗaya Kirista ba. Idan ladan ya kira asuba, ita ma ta tashi ta yi tata addu'ar. Da yamma ta zaga gidaje da ƙaramin akwatin magani, ta wanke gyambo, ta zauna da mai jinya. A shekarun baya-bayan nan, da aka riƙa koro baƙi daga Aljeriya ƙafafu a farfashe, ita ke jiƙa musu su a ruwan gishiri tana yi musu faɗa.

Ba mace ce mai taushin baki ba. Yara na tsoronta, iyaye ma haka. Runfar ta zama azuzuwa uku na laka, amma har yau ba a kiran wurin da sunan da ke rubuce a ƙofa, lakwal ɗin Maser ake cewa, wato makarantar Maser.

Abu biyu ta ƙware a kai, kuma su ne suka rufa mata asiri daga baya. Na farko, ba ta koyar da rubutu daga nesa. Takan durƙusa bayan yaro, ta ɗora hannunta a kan nasa, su ja alli tare har hannun yaron ya san hanya. Ta wuyan hannu take gane wanda ya iya da wanda ke lalube. Na biyu kuwa Agadas ce ta koya mata. A shekararta ta fari, iyaye maza duk ɗaya suke a idonta: rawani, amawali har bisa hanci, sai ƙwayar ido. Ta taɓa tsare wani bawan Allah ta wanke shi tas a kan ɗan da ba nasa ba. Wata tsohuwa mai sayar da cuku ta yi dariya har ta share hawaye, ta ce, "Maser, namiji a garin nan ba da ido ake ganinsa ba." Daga nan ta koyi sanin mutum ta muryarsa, da tarinsa, da yadda takalminsa ke dukan ƙasa. Ta kai ga tana cikin aji, baya ga ƙofa, ta ce, "Binta, ga ubanki can," kuma shi ɗin ne. Mutane suka riƙa ba da labarinta. Ita ma ta ji daɗin abin fiye da yadda ya dace da mai farin kallabi.

Idon ya fara tafiya ne daga gefe, kamar ana matse ƙofa. Ta je likita ba ta gaya wa kowa ba. Lokotoro ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, ya ba ta maganin ɗigawa. Ta ɓoye kwalbar cikin gwangwanin zare da allura. Ta tuna da Maser Terez, wadda suka yi aiki tare, da ƙafa ta gaza mata aka kai ta Yamai. Mariya ta je gaishe ta sau ɗaya, ta tarar da ita ƙarƙashin mangwaro da carbi a hannu, tana tambayar ko ƙarfe nawa, ba don tana da wurin zuwa ba. Ba ta koma ba sai ranar jana'iza.

Saboda haka ta shirya zamanta da duhu kamar yadda ake shirya ɗaki. Littafin karatun aji ɗaya a kanta yake, addu'o'i ma haka. Ta ƙirƙiro wata al'ada: yaron da ya fi ƙoƙari a ranar shi zai ɗauki jakar Maser, ya riƙe mata hannu har gida. Yara suka riƙa kokawa a kan wannan girma. Shugabar gidan da masu farin kallabin ke zaune, Maser Odil, ƴar Burkina, ta girme ta da muƙami ne ba da shekaru ba, kuma aiki ya yi mata yawa. Ta ga dai tsohuwa ta rage sauri, ta ce tsufa ne.

A cikin ajin akwai Zahra'u, ƙaramar yarinya mai shiru, mai sanyin hannu a kan allo. Uwarta Halimatu Sa'adiya ita ma a hannun Maser ta koyi rubutu, yanzu tana sayar da cuku da dabino a kasuwa. Ubanta Alkasum direba ne, yana kai kaya wajen masu haƙar zinariya can cikin hamada, inda waya ba ta shiga, yakan yi watanni bai leƙo gida ba. A farkon shekara Halimatu ta zo har ƙofar aji.

"Maser, amana zan ba ki. Surukata a Timia ta aiko sau biyu a kai mata Zahra'u. Alkasum ya ce karatu za ta yi. Kada ki ba kowa ita, sai ni ko ubanta."

"Na ji, ɗiyata. Kin taɓa jin an ɗauki ɗan wani a hannuna?"

Ranar da abin ya faru, rana ta take, an tashi yara, ana ta ƙura da ihu a bakin ƙofa. Wata murya ta fito daga cikin rawani, ƙasa-ƙasa, da ɗan kaushi a ƙarshen kalma.

"Maser, ina gajiya? Ina fama da yara?"

Ta san muryar nan tun yana zuwa zance ƙofar gidan su Halimatu.

"Alkasum! Hamada ta sako ka ke nan?"

"Mun dai zo, Maser. Zahra'u zan tafi da ita."

Wani abu ya taɓa ta. Alkasum kullum warin gazuwal na mota yake yi, wannan kuwa hayaƙin itace da albasa. Tambaya ɗaya ta isa. Amma wadda gari ya sani da sanin mutum tana ba shi baya, yaya za ta tsaya gaba da gaba da shi ta ce wane ne? Ta ce a ranta wataƙila wanka ya yi, ya ci abinci. Ta kira Zahra'u. Yarinyar ba ta ruga ba yadda takan ruga in ubanta ya dawo. Ta zo ta kama zanen Maser ta riƙe. Ba ta ce komai ba, don Maser ce da kanta ta hore su kada yaro ya sa baki in manya na magana.

"Mene ne haka? Kwana biyu ba ki gan shi ba sai ki yi baƙunta?"

Ta ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya bayan ɗaya daga zanenta, ta miƙa ta.

Bayan azahar Halimatu ta shigo gidan su Maser ko sallama ba ta yi ba. Yaran maƙwabta sun riga sun gaya mata: Issouf ne, ƙanen Alkasum, mai lambu a Timia, kuma motar lemu ta tashi da su tuni. Muryarsu ɗaya da wansa, tun suna yara uwarsu ma takan ruɗe in suna bayan bukka.

"Maser, ke kika riƙe hannuna na ja alli. Ke kika ɗinka labulen ɗakina. Alkasum gajere ne kamar turmi, Issouf dogo kamar taɓarya. Ki gaya mini yadda turmi ya zama taɓarya a gabanki, da rana tsaka."

"Kuskure ne, ɗiyata."

"Kuskure? Ko dai kin ga tsohuwa ta fi ni gaskiya? Ku tsofaffi bakinku ɗaya. Me ya ce miki? Me ya kawo miki?"

Amsar tana kan harshen Maser, kalma uku ce kawai. Ta haɗiye ta. Ta bar matar da ta taso a hannunta ta fita tana ganin an sayar da ita, don ta ga hakan ya fi mata sauƙi a kan inuwar mangwaron Yamai.

Washegari aji ya ragu. Jibi ya ƙara raguwa. Ba ta buƙatar ido ta san haka, tabarmar baya ba ta motsi. Magana ta zaga Dagmanet cewa Maser ta fara miƙa ƴaƴan mutane ga duk wanda ya zo da rawani. Yaron da ya riƙe mata hannu zuwa gida a ranar ya ce uwarsa ta hana shi, yau ne na ƙarshe. Ta durƙusa a ɗakin addu'a, kalmomin suka fito yadda suka saba, amma babu abin da ke bayansu. Abin da take ji kawai shi ne ƙananan yatsu a jikin zanenta.

Da safe, bayan addu'a, Maser Odil na zuba shayi, Mariya ta faɗa mata da Faransanci, ba kwana-kwana.

"Odil, ba na gani."

Butar ta tsaya. "Tun yaushe?"

"Tun kafin a sake rufin aji na uku."

Odil ta ajiye butar da ƙarfi. "Kina ƙetare titi da ƴaƴan mutane, kabu-kabu na wucewa ta ko'ina? Kina ba marasa lafiya magani, da me kike karanta kwalbar?"

"Da yatsa. Na ɗaura wa kowace zare."

"Da zare." Odil ta ture kofin shayin gefe. "Kin san abin da zan yi. Ba ni da wata hanya."

"Na sani. Na yi alkawarin biyayya tun ba a haife ki ba. Abu ɗaya nake roƙo, ki bar ni in je Timia tukuna."

Odil da kanta ta kai ta kasuwa, ta tsayar da ita gaban tiren cuku. Maser ta faɗi kalmomin ukun nan da Hausa, a gaban masu saye da masu sayarwa. Halimatu ba ta ce Allah ya sawwaƙe ba. Ta daɗe tana kora ƙuda daga kan dabino, sannan ta ce akwai motar da ke komawa da buhunan shinkafa, za ta yi wa direban magana. Ita kaɗai ba za ta iya zuwa ta buɗe baki gaban suruka ba, kunya ta hana, kuma Alkasum ba a san ranar dawowarsa ba.

Hanyar Timia duwatsu ce da rairayi, motar na jijjiga kamar za ta zubar da haƙoran mutum. Maser ta taɓa bin ta tana da ƙuruciya, ta san akwai baƙaƙen tsaunuka dama da hagu. Wannan karon sanyin inuwarsu kawai ta ji in sun shiga kwazazzabo. Halimatu na gefenta, kafaɗa na gugar kafaɗa. Da suka kusa, iska ta sauya, ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen lemu da ƙarar injin ban-ruwa.

Tsohuwa Kadidia, uwar Alkasum da Issouf, ba cikin gari take ba. Bukkarta na can saman kwari, gefen lambun rumman. Halimatu ta ja Maser har bakin tabarma, ita kuma ta koma nesa ta zauna, ta ja mayafi ta rufe baki. Maser ta ji ƙaramin numfashi da ta sani a kusa da tsohuwar, da ƙwanƙwasar sanda a ƙasa.

Tsohuwar ce ta fara, da Hausarta ta kasuwa gauraye da Tamajak, harshen Buzaye. "Wace ce wannan da ta shigo tana tambayar ƙasa da ƙafa?"

"Ni ce malamar Zahra'u."

"Mai farin kallabi. Sun ce kin fi kowa ido a Agadas." Ta yi wata gajeriyar dariya. "Zauna, ƴar'uwa. Tafiyarki irin tawa ce. Nawa sun tafi shekara uku ke nan, naki fa?"

Sai a lokacin Maser ta gane abin da aka ɗauko yarinyar ta yi.

Issouf ya haɗa shayi, ya sa mata kofi a hannu da kansa. Da muryar wansa ya ce, "Maser, ni ban ce ni ne Alkasum ba. Na ɗauka kin gane ni, kina sauƙaƙa mini ne. Inna ta faɗa ramin ban-ruwa ran nan, da ƙyar muka fito da ita. Ni ina lambu tun asuba, matata na fama da goyo."

"Laifin ba naka kaɗai ba ne," in ji Maser. Ta juya wajen tsohuwar. "Yarinyar nan amana ce a hannuna, na saki. Na zo in mai da ita. Hannunta na da kyau, in ta yi nisa da allo yanzu ba za ta koma ba. Na ga irinta da yawa."

"Kin gani, da can." Kadidia ta kurɓi shayi. "Zahra'u ta ba ni labari. Ta ce a lakwal ɗinku wanda ya fi ƙoƙari shi ke riƙe wa Maser hannu har gida. Ta ce ita ma ta riƙe sau da yawa. Da na ji haka na ce, wannan mata ta fi ni wayo. Ke kin tara ƴaƴan mutane aji guda suna yi miki jagora ba su sani ba, ni na ɗauki ɗaya, jinina, shi ne kika hau mota kika zo?"

Maser ta yi shekaru tana rufe bakin iyaye da hukuma da Mompe kansa. Wannan karon ta ajiye kofin shayin a kan tabarma.

"Gaskiya kika faɗa," ta ce daga baya. "Amma ni na saki nawa. Ba zan koma aji ba. Ki saki taki."

"In kin saki, ina za ki?"

"Yamai. Akwai gidan da ake ajiye mu."

"Da abinci? Da mai kai ki bayan gida?"

"Da su."

"To ni nawa gidan ga shi nan zaune, yana riƙe da sandata. Ke ba ki haifa ba an gina miki ɗaki. Ni na haifi biyu, ɗaya hamada ta ɗauke, ɗaya albasa."

Aka yi ta ja har inuwa ta juya. Abin da Maser ta samu bai kai abin da ta zo nema ba. Tsohuwar ta ce Zahra'u za ta zauna har Alkasum ya dawo, shi ya zo ya dubi uwarsa ya faɗi abin da ya ga dama. Issouf ya ce zai riƙa kai yarinyar lakwal ɗin Timia da safe in aikin lambu ya bari. Kowa a wurin ya san aikin lambu ba ya bari.

Kafin su tashi Maser ta kira Zahra'u. Ta share rairayi da tafin hannu, ta ɗora hannunta a kan na yarinyar, suka ja sunanta a ƙasa. Hannun bai manta ba tukuna. Halimatu ta rungume ɗiyarta a bayan bukka, inda suruka ba za ta ji ba, ko da yake ta ji.

Ranar da za a tafi da Maser Yamai, mutane sun zo tasha fiye da yadda ta zata, waɗanda ta wanke wa gyambo da waɗanda ta ja wa kunne. Ta ji muryoyi, ba ta kira sunan kowa ba. Da aka ce a shiga, wani hannu mai ƙanshin cuku ya kama gwiwar hannunta, ya kai ta har matakala, ya ɗora ƙafarta a kan ta farko.

"Da kin gaya mini, Maser," in ji Halimatu Sa'adiya, "da ni zan riƙa zuwa ina kai ki gida kullum. Da ba wanda ya ji. Da ɗiyata tana ɗakina."

Ba ta jira amsa ba, ta saki hannun.

Maser Mariya tana nan da rai a Yamai, ƙarƙashin mangwaron da ta guje wa. Alkasum ya dawo bayan damina, ya je Timia, ya ga uwarsa, ya bar mata yarinyar. Zahra'u na can har yanzu. Mutanen Agadas in sun sauka Yamai sukan biya su gaishe da Maser, su kai mata cuku. Tun daga ƙofa take gane su, ana ganin haka a fuskarta. Duk da haka ba ta amsa gaisuwar kowa, ko Maser Odil ce, sai ta fara cewa, "Wane ne? Faɗi sunanka."